A daina sayen sitika: zare kan laftof ta hannu a Kano

1/
Zan yi magana kan laftof, kuma na san wasu 'yan kasuwa ba za su ji daɗi ba. Amma abin ya isa haka. Kullum sai an ɗora wa ɗalibi ko ma'aikaci kwamfutar da ta haura shekara goma, an ce masa "ai Core i7 ce", ya biya kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya tafi gida yana murna. Ku gyara zama, zaren da tsayi.

2/
Da wa nake? Da wanda aikinsa Word ne da Excel da PDF da imel da cike fom a intanet. Ɗalibin BUK mai rubutun kammala karatu, malamar da ke buga tambayoyin jarrabawa, mai shagon buga takardu a Unguwa Uku, ma'aikacin ofis a Gyadi-Gyadi. Masu haɗa bidiyo da masu buga gem, naku daban ne.

3/
Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Tun 2008 kamfanin Intel ke fitar da i7, zubi bayan zubi, abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshan. Wanda ya ce maka "i7 ce" ya yi shiru, kamar mai mota ne ya ce "Toyota ce" ya ƙi faɗin shekararta. Za ka biya a haka?

4/
Ga yadda ake karantawa. Dubi lambar da ke bayan ɗan layin. i7-3520M zubi na 3 ne, na 2012. i5-8250U zubi na 8 ne, na 2017. Daga zubi na 10 lambobi biyu na farko ake dubawa, kamar i5-10210U. In ka ga lambobi uku kacal, kamar i7-620M, to kaka ce, tun 2010 take duniya.

5/
Kuma wannan i5 ɗin ta 2017 ta fi waccan i7 ta 2012 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka ɗauka ma'aikata ne a cikin injin: waccan tana da biyu, wannan tana da huɗu, kuma ba ta cin batir kamar waccan. Amma je ka Farm Centre ka saurara, za ka ji mai saye da bakinsa yana cewa shi dai a ba shi i7.

6/
Ga babbar maganar da ba a faɗa a bakin shago. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. An ba da ƙarin wa'adin tsaro ga wanda ya yi rajista, shi ma na ɗan lokaci ne. Ita kuwa Windows 11, a ƙa'ida tana son Intel daga zubi na 8 zuwa sama, sai 'yan tsiraru da aka ware.

7/
Me hakan ya jawo? Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke yarwa saboda wannan ƙa'idar, da yawansu hanyarmu suke biyowa. Can an gama da su, nan ana goge su da tsumma, a liƙa sabuwar sitika, a kira su "Landan yus". Kai da za ka buɗe imel ɗinka da asusun bankinka a kai, kai ne a cikin haɗari.

8/
Na san amsar: "Malam, ai mu kowace muna sa mata Windows 11." Gaskiya ne, akwai dabarar tsallake shingen. Amma shi Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi wa irin wannan kwamfutar alkawarin sabuntawa ba. In za ka sayar a haka, gaya wa mutum, ka rage masa kuɗi. Ɓoyewar ce nake faɗa da ita.

9/
Tarko na biyu: "gig ɗari biyar ce, ka ga waje!" Tambaye shi, HDD ce ko SSD? HDD faifai ne mai juyawa, ga jan ƙafa, ga saurin lalacewa in an buge ta. SSD ba abin da ke motsi a cikinta, kuma ta ninka ta sauri. Ga mai aikin takardu, SSD mai 256GB ta fi HDD mai 1TB amfani. Takardun Word nawa za ka rubuta ka cika 256GB?

10/
Sai RAM. Ita ce teburin da kwamfuta ke baje aiki a kai, ba rumbun ajiya ba ce, kada a haɗa maka su a lissafi ɗaya. 4GB a yau wahala ce: buɗe Chrome da shafuka kaɗan, ƙara Word, sai ta fara nishi. Kada ka sauka ƙasa da 8GB. Ka kuma tambaya ko ana iya ƙara mata gaba.

11/
Masu cewa "ni sabuwa zan saya a kwali", ku ma ku yi hattara. Yawancin sabbin masu araha Celeron ne, RAM 4GB da aka narke a jikin allon injin, ba a ƙarawa, ajiya 64GB. Tana ƙyalli, ba nauyi, amma Windows kaɗai ta kusa cinye wajen. Haka Chromebook da aka matsa wa Windows da ƙarfi. Wuce kawai.

12/
To me za a nema? Kwamfutocin ofis na hannu: Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 5490 ko 7490, HP EliteBook 840 G5. An ƙera su don aikin yau da gobe, madanninsu na da daɗin bugu, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Amma a duba injin, don wasu a cikinsu da zubi na 7 suka zo.

13/
Yadda za ka duba da kanka, ba sai da ɗan rakiya ba: danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance. Nan za ka ga cikakken sunan injin, da yawan RAM, da irin ajiyar. Minti ɗaya ne. Sitika kowa na iya liƙawa. Mai shagon da ya hana ka dubawa ya riga ya ba ka amsa.

14/
Batir. A garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, laftof marar batir kwamfutar tebur ce. Kada ka yarda da "tana awa huɗu". Buɗe Command Prompt, rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage. In ya kusa rabi, a cire kuɗin sabon batir daga farashi.

15/
Cire caja ka bar ta tana aiki a gabanka kamar minti 20. Saurari fankarta, taɓa ƙasanta. Wadda ke ɗaukar zafi cikin shago mai sanyi, ya za ta yi da zafin Afrilu a Kano, ga ƙurar hunturu? Cajar ma a ba ka ta asali. Jabun caja na kashe batir, wani lokacin har da injin.

16/
Buɗe Word ka danna kowane harafi. Wasu daga Faransa ko Jamus suke zuwa, haruffansu a sauye, ka nemi Q ka tarar da A. Gwada kyamara, sauti, Wi-Fi, kowace kafar USB, da maɗaurin murfin. Af, Windows na da madannin Hausa a cikinta, kyauta, mai ƙ da ɗ da ɓ. Kada wani ya caje ka kuɗin sa shi.

17/
Shiga BIOS ka tabbatar ba kalmar sirri. Haɗa ta da intanet ka ga ko sunan wani kamfani ko makaranta zai fito yana neman a shiga da asusunsu. Irin wannan tana iya kullewa bayan ka kai gida. Kuma a rubuta maka rasit mai lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti. Kayan sata ba sa zuwa da tambari a goshi.

18/
Wani zai ce, "Kai ka san yadda kuɗi ya yi wuya kuwa?" Na sani. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 komai na waje ya tashi. Shi ya sa ma nake magana. Mai kuɗi in an cuce shi gobe zai sayi wata. Wanda ya yi adashe, ko mahaifiyarsa ta sayar da tunkiya, sau ɗaya yake da damar saye.

19/
In kuɗinka bai kai zubi na 8 ba, ba abin kunya ba ne. Sayi zubi na 6 ko na 7, a sa mata SSD da 8GB, ka biya kuɗin tsohuwa don tsohuwa ce. Ana iya sa mata Linux Mint da LibreOffice, duka kyauta, suna buɗe takardun Word da Excel. Za ta yi maka aiki, kuma ka san abin da ka saya.

20/
Mu masu saye ma muna da namu. Son a gani ya yi mana yawa. Mutum aikinsa buga wasiƙa, amma sai ya ci bashi ya sayi tsohuwar MacBook don tambarin tuffa, ko ƙatuwar ta gem mai shan wuta kamar dutsen guga. Ga ɗan rakiya "wanda ya san kwamfuta", alhali wani lokacin yana da nasa kason a bayan fage.

21/
'Yan kasuwarmu na Farm Centre da Beirut Road, akwai masu amana da yawa a cikinku, kuma su wannan ɗabi'ar ta fi cutarwa. Abu ɗaya nake roƙon shugabannin kasuwa: kowace laftof a liƙa mata takarda mai cikakkiyar lambar injin, RAM, irin ajiya da lafiyar batir. Ɓoye aibin kaya, kun fi ni sanin hukuncinsa.

22/
Kafin ka fita: i5 zubi na 8 ko sama, RAM 8GB, SSD 256GB, batir mai rai, rasit. Zaga shago uku kafin ka ciro kuɗi. In ka saya, riƙa ajiye kwafin takardunka a filas ko Google Drive, 15GB kyauta ne. Mai shirin saye ya ajiye lambar injin a ƙasa, zan gaya masa zubi na nawa ce. A tura wa wanda zai amfana.