Keke Da Hazon Hunturu

Jama'a, a Ingila dusar ƙanƙara ke wahalar da masu keke. Mu nan hazo ne, wanda iska ke kwasowa daga Cadi tun Disamba har Fabrairu. Malamin da ya yi sammako daga Bagwai zuwa Bichi, ya naɗe kunnuwansa da rawani saboda ɗari, ba ya jin mota, direba kuwa ba ya hango shi. Shawarata, kowa ya sa wa kekensa fitila, ya gyara birki, ya bar kunne a buɗe. Shugabannin makarantu kuma su yi haƙuri da ɗan latti a watannin nan. Gara malami ya makara da aji ya rasa shi. Allah ya kiyaye, amin.