Ban Da Sashen Lissafi A Rabon Guraben Aiki

Jama'a, duk lokacin da aka ji jami'a za ta ɗauki ma'aikata, sai ka ga kowane mai riƙe da muƙami ya fito da jerin sunayen yaransa. Mu ma a tafiyar nan akwai masu ganin haƙƙinsu ne a ba su gurbi tunda sun sha wahalar zaɓe. To, a nema musu wani wurin, amma don Allah ban da sashen lissafi.

Malamin lissafi ba ɗaliban sashensa kaɗai yake koyarwa ba. Duk yaron da ya shiga aji ɗaya a injiniyanci, kwamfuta, fiziks ko kemistri sai ya bi ta hannunsa, ɗaruruwa a ɗaki guda. In aka ɗauko wanda bai iya ba saboda takardar wani babba, injiniyan da zai gina mana gada gobe aka cuta. Kuma da zarar an tabbatar da shi a aiki, shikenan. Doka ta ba shi damar zama har shekara 65, in ya kai farfesa 70. Wanda ya kawo shi kuwa shekara huɗu ko takwas ya sauka.

A Disamba 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire jami'o'i daga IPPIS, su riƙa ɗaukar ma'aikata da kansu. Madalla. Amma in 'yancin nan ya koma hannun masu alfarma, an gudu ba a tsira ba.

Ƙarin girma ma yana da gyara. Galibi sai mutum ya shekara uku a mataki, kuma kafin ya zama farfesa sai masana daga wasu jami'o'i sun tantance rubuce-rubucensa. Wannan daidai ne. Sai dai takardun bincike aka fi ƙirgawa, wanda ke kwana yana makin jarrabawar 'yan aji ɗaya ladansa kaɗan ne. Ya kamata koyarwa ta samu maki mai tsoka.

Farfesa Iya Abubakar ya yi minista, ya yi sanata, amma lissafinsa ne ya fara kai shi shugabancin ABU a 1975.

Abin da muke nema daga gwamnoninmu da majalisun jami'o'i: a tallata guraben a jarida, duk mai nema a miƙa masa alli ya koyar a gaban malaman sashen, su kuma su zaɓa.