Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Ɗana, na karanta takardar da ka rubuta ta neman gurbin karatu, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. A sama ka rubuta "colour", kafin a kai tsakiya ya rikiɗe ya koma "color". Can ƙasa kuma ga "centre" da "center" a jimla ɗaya suna hararar juna kamar kishiyoyi. Da na tambaye ka, sai ka ce wai ba ka san wanda Turawa suka fi so ba. Lalaci ne kawai, kada ka sa masa riga.

Ai ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Noah Webster, da ƙamus ɗinsa na 1828, shi ya zaunar wa Amurkawa da salonsu na yar da "u" da juya "re" ta koma "er". Ingila ta riƙe nata, kuma a kansa makarantunmu suka rene ka. Kwamfutarka kuwa an saita ta a Turancin Amurka, shi ya sa take ja maka jan layi a ƙarƙashin abin da malaminka ya koya maka. Kai kuma ka bi na'ura nan, ka bi malam can, ka zama jemage. Ko a Hausarmu, mutumin Damagaram ya rubuta ƴaƴa, na Kano ya rubuta 'ya'ya, kowa daidai yake; wanda ya cakuɗa su a shafi ɗaya shi ake yi wa dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da cakuɗar ke tona maka. Wanda aikinsa karanta irin waɗannan takardu, da ya ga salo ya sauya a tsakiyar zance, zai fara zargin an yanko wani wurin daga intanet an manna. Ko da guminka ka rubuta, ka riga ka nuna masa cewa ba ka sake dubawa ba. Kuma nawa rubutun yake? Takardar Common App ta neman jami'o'in Amurka ba ta wuce kalma 650 ba, ta UCAS ta Ingila kuwa harafi 4,000. Wannan ɗan abin ne ya gagare ka karantawa sau biyu, kai da kake kwana kana latsa waya?

In Amurka ka nufa, bi nasu; in Ingila ce, bi na Ingila. In ka ƙi sauyawa, tsaya a kan wanda ka iya tun daga farko har ƙarshe, ba za a kore ka don haka ba. Kada kuma ka ga "organize" ka ce lallai Ba'amurke ne, madaba'ar Oxford ma haka take rubutawa.

Je ka sauya harshen kwamfutar, ka bi takardar kalma-kalma, ka dawo mini da ita bayan la'asar. Ranar haihuwarka ma ka rubuta sunan watan: 3/4 a Landan 3 ga Afrilu ce, a Amurka 4 ga Maris.