Ku je kasuwa da yaron, ku bar tsinken tsintsiya a gida

Duk shekara idan Oktoba ta kama aka koma makaranta, ranar darasin motsa jiki na farko nakan tsaya a bakin fili in dubi ƙafafun ɗalibaina kafin in dubi fuskokinsu. Ga mai takalmin da ya fi ƙafarsa da lamba uku, yana jan sa kamar wanda ya aro na kakansa. Ga wadda ta dunƙule yatsu a cikin na ƙanwarta. Ga kuma mai sabo fil, yana walƙiya, da tambarin babban kamfani a gefe, amma ƙasansa tauri kamar katako. Yaran ba su da laifi. Laifin namu ne, mu iyaye da malamai.

Bara ina da wata ɗaliba a ajin ƙarshe na kwalej, yarinya mai gudu ƙwarai. Mahaifinta ya yi abin da yawancinmu muke yi: ya karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarta, ya sa a aljihu, ya tafi kasuwa shi kaɗai. Da ya isa sai ya ƙara lamba biyu a kai, wai za ta girma a ciki. Ita kuwa ta cusa tsumma a gaban takalmin ta ci gaba da zuwa atisaye. Cikin mako biyu bororo ya fito mata a dunduniya biyu, farcen babban yatsanta ya yi baƙi saboda bugun da yake sha duk lokacin da ƙafar ta zame gaba. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san kuɗin da babanta ya kashe, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce abin bai yi ba. Sai da na ga tana ɗingishi na sa ta cire, na tarar safa ta manne da ciwo. Ranar gwajin motsa jiki na BEPC da ƙyar ta ƙarasa gudun da a da take yi tana dariya.

Wannan uba ba marowaci ba ne. Ya ma kashe fiye da abin da ya kamata. Kuskurensa ɗaya ne: ya sayi takalmin gudu ba tare da ƙafar da za ta yi gudun ba. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan ido na yin ƙarya, tsinke ma haka. Tsinke tsawo kawai yake aunawa. Bai san faɗin ƙafa ba, bai san tudun bayanta ba, bai san inda ɗinki zai goge fata ba. Mai gudu kuwa, duk takun da ya yi, ƙafarsa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku, kuma hakan na maimaituwa sau ɗaruruwa a kowace kilomita. Ƴar matsar da ba a ji a tsaye, bayan zagaye biyar ta zama ciwo.

Wani zai ce maganin shi ne a sayi mai tsada, mai suna. Ban yarda ba. A 2015, a gasar dogon gudu ta birnin Berlin, Eliud Kipchoge na Kenya ya sa takalmin babban kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa, amma shimfiɗar ciki ta zame ta fito waje tana lilo a bayan ƙafarsa. Ya ci gasar, ƙafarsa duk bororo. A 2023 kuma, a wannan birnin dai, Tigist Assefa ta Habasha ta kafa tarihin duniya da awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, sanye da takalmin Adidas da ake sayarwa dala 500 na Amurka, wanda aka ƙera shi don tsere guda. Irin waɗannan takalma na ranar gasa ne, ga mutanen da gudu ne sana'arsu. Hotonsu ne yaranmu suke gani a waya su matsa wa iyaye, jabunsu ne kuma ke cika rumfuna: launi iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma sosan da ke tsotse bugun ƙasa babu shi.

Masana ma da suka daɗe a kan wannan batu sun dawo kan magana mai sauƙi. A wajajen 2009 da 2010 an yi bincike a kan dubban sababbin sojojin Amurka. An ba wasu takalmi bisa siffar tafin ƙafarsu, an ba wasu iri ɗaya ba tare da duba siffa ba, kuma ba a ga wani bambancin kirki a yawan raunin da suka ji ba. A 2015 Benno Nigg na jami'ar Calgary a Kanada, tare da abokan aikinsa, suka ba da shawarar cewa jin daɗin takalmi a ƙafa shi ne ma'aunin da ya fi dacewa mai gudu ya bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron ne kaɗai zai iya gaya maka ko takalmin ya yi, in ka ba shi damar faɗa.

Na san amsar da ke jirana: malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba, mai ƴaƴa shida ina zai iya sayen takalmi duk shekara? Na sani, ni ma uba ne, albashina kuma ba ya kai ni ƙarshen wata. Shi ya sa ba na cewa kowa ya ƙara ko dala a kan abin da ya ware. Da kuɗin jabu sabo za a samu na ƙwarai a bosho, in an yi haƙurin tonawa, ko a babbar kasuwar Maradi, ko a Dole ta Damagaram, ko a Katako ta Yamai. Batun girman ƙafa kuwa, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi. Wannan sararin gudu na bukatarsa, kuma zai ba ƙafa wurin girma na wasu watanni. Lamba biyu ko uku a kai ba tattali ba ne. Abin da ka rage a kasuwa za ka kai shi likita, ko takalmin ya ƙare a ƙarƙashin gado.

In kun je da yaron, ku je da yamma, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini. Ya sa safar da zai riƙa gudu da ita. Ya gwada ƙafa biyu, domin sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya, kuma babbar ake bi. Ya ɗaure igiya, ya ɗan ruga a gaban rumfa, ko da mai kaya zai ɓata rai. Dunduniya kada ta riƙa fita, yatsu su iya motsi. Kada ku yarda da zancen "zai saki in an saba". Takalmin gudu da ya matse ranar farko zai ci gaba da matsewa. Kai kuma uba, ka lanƙwasa shi da hannu: ya kamata ya lanƙwashe ta wajen yatsu, ba a tsakiya ba. In bosho ne, ka ajiye shi a kan benci ka dube shi ta baya. In ya karkace gefe ɗaya, ko sosan ya yamutse ya daina dawowa in an danna, ya gama aikinsa a ƙafar wani. Yawanci takalmin gudu kan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na nan da kyau. A zafinmu kuma a nemi mai saman raga da iska ke shiga, a daina shanya shi a tsakar rana, don rana na cin soso da gam.

Yanzu sai ƴan uwana malamai. Mu ne muke cewa duk wanda bai zo da takalmin wasanni ba kada ya shigo fili, sannan ba ma duba abin da suka sa. Wannan doka ce ke tura yaro ya aro na maƙwabci. Wasunmu kuma sun ɗauki ɗaya gefen, suna kafa hujja da Abebe Bikila, ɗan Habasha da ya ci zinare ba takalmi a gasar Olamfik ta Roma a 1960. Gaskiya ne ya yi. Amma takalman da ya gwada ne ba su yi masa daidai ba, ga shi ya saba gudu haka, kuma a Tokyo a 1964 da takalmi ya sake cin zinare, da sauri fiye da na farko. Abin da za mu ɗauka a wurinsa shi ne ya ƙi takalmin da bai dace da ƙafarsa ba. A kan yashi mai laushi da aka share, da sanyin safiya, gara yaro ya yi gudu ba takalmi da ya yi da na aro. A kan kwalta a watan Afrilu, ko a filin da tsidau da fasassun kwalabe suka cika, wannan zalunci ne. Minti biyar na duba ƙafafu a farkon zango bai fi ƙarfin kowane malami ba.

Maganar ta shafe mu mu manya. Iyaye da yawa yanzu likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako ga babba, da minti 60 a rana ga yaro. Ina ganin su da asuba a bakin kwalta, wasu da silifa, wasu da takalmin ofis. Mai ciwon suga ƙafarsa kan rage ji, ƙaramin bororo zai iya zama gyambon da ya ƙi warkewa bai ma lura ba. A gare shi, zaɓen takalmi da duba ƙafa kowane dare ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗalibar tawa ta warke, farce ya sake fitowa bayan watanni. Da na zauna da mahaifinta na nuna masa takalmin da tsumman a ciki, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce, "Malam, ai ban tambaye ta ba." Bana ƙanenta ya shigo ajina da na bosho mai launin toka, tambarinsa ma ya goge, kuma tare suka je kasuwa aka gwada. Har yanzu bai nemi izinin zama a inuwa ba.