Wa ya yanka, kuma a ina aka yanka?



Akwai wata tambaya da muka daina yi a unguwar nan, kuma barin ta ya fara kai mu gadon asibiti. Mutum zai tsaya gaban mai nama ya yi ta ja-in-ja a kan naira ɗari biyu har gumi ya keto masa, ya ce a ƙara gyara, a cire ƙashin nan, a sa tsokar can. Amma ya buɗe baki ya ce "Malam, dabbar nan wa ya yanka ta, a ina aka yanka?" wannan kam sai ka shekara ba ka ji ba.

A watan jiya an yi suna a layinmu. Ba za mu kama sunan gida ba, don maigidan mutumin kirki ne, kuma abin da ya same shi zai iya samun kowa. Ragon suna lafiyayye ne, mu muka yanka shi da hannunmu bayan asuba. Amma tun daren jajibiri, da aka ga baƙi za su yi yawa, an ce a ƙaro naman miya. Sai ga wani yaro a kan babur bayan magariba, da daro an rufe da buhu, ya ce nama ne ya yi kwantai, a ba shi rabin kuɗin kasuwa. Aka yi murna, aka ce Allah ya kawo sauƙi. Washegarin suna gida huɗu ba wanda ya runtsa, amai da gudawa, har da wata tsohuwa da sai da aka yi mata ƙarin ruwa kwana biyu. Kuɗin magani ya ninka kuɗin da aka ce an rage. Yaron kuwa ba wanda ya san unguwarsu, lambar da ya bari har yau a kashe take.

Kowa ya tsine wa yaron, kuma ya cancanta. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan kasuwa ne, iyayenmu fatauci ya kawo su Gombe daga Kano da Katsina da Sakkwato da sauran ƙasashen Hausa, suka zauna albarkacin auduga da gyaɗa. Lissafi gadonmu ne. To, mu yi shi. Mahaucin gaskiya ya je Tike a Pantami, ko ya bi kasuwannin Kumo da Dukku, wani lokaci har Potiskum, ya sayi sa. Ya biya la'adar dillali. Ya biya mota, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ya biya kuɗin kwata, ya biya masu fiɗa da masu wankin kayan ciki, ya biya wanda zai ɗauko masa zuwa tebur. Bayan duk wannan, kusan rabin nauyin dabbar ya tafi a fata da jini da kai da ƙafa da abin da ke cikin tumbi. Ta ina wani zai ɓullo da nama a rabin kuɗi ya kuma ci riba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dabbar sata ce, ko mai ciwo ce aka yi saurin sa mata wuƙa tana shure-shure, ko kuwa ta riga ta mutu aka yanka gawa don a rufe ido. Duk wanda ya taɓa riƙe sikeli ya san haka, sai dai in ya ga dama ya mance.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda wasu ke jawo addini su rufe wannan sakaci. Da ka yi magana sai a ce maka, "Haba Liman, ai ƙasar Musulmi ce, ka yi bisimilla ka ci kawai." Har a kawo maka hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da naman da sababbin shiga Musulunci ke kawowa, ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, ya ba da izinin a ambata a ci. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari, ba mu da ja. Amma a kan me ya zo? A kan shakkar bisimilla ce daga Musulmin da ba a tuhumarsa. Bai zo a kan naman da ke wari ba, wanda aka lulluɓe da buhu ana yawo da shi da duhu, a farashin da hankali ba ya ɗauka. Kyautata zato ga Musulmi wajibi ne inda babu alama. Inda alama ta fito ɓaro-ɓaro, rufe ido kwaɗayi ne, ko da an sa masa rawani.

Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ko Iziyya ya san yanka yana da sharuɗɗa. A mazhabarmu ta Malikiyya sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ta gaba, da niyya da ambaton sunan Allah, ba tare da an ɗauke hannu an je an dawo ba. Aya ta uku a Suratul Ma'ida ta jero dabbobin da suka haramta: wadda aka shaƙe, wadda aka buge, wadda ta faɗo, wadda aka tunkuya, wadda naman daji ya ci, sai dai in an riske ta da rai an yanka. Malamanmu kuma suka yi bayanin cewa in makasarta ta riga ta huje, kamar lakar baya ta tsinke ko hanji ya zubo, yanka ba ya halatta ta. Yanzu saniyar da tirela ta take a hanyar Bauchi ko ta Dukku da tsakar dare, wa ya duba ko da sauran rai a jikinta kafin a sa wuƙa? Yaron babur zai gaya maka?

Sai masu cewa wuta tana kashe komai. Tana kashe da yawa, amma akwai abin da ya fi ƙarfin tukunya. Makiyayi in ya ga saniyarsa ta kwanta, allura yake danna mata, sau da yawa irin mai ruwan ɗorawar nan, in bai ga sauƙi ba sai ya kai ta kasuwa kafin ta mutu a hannunsa. A jikin kwalbar an rubuta cewa kada a yanka dabbar sai bayan wasu makonni, don maganin ya fita daga jikinta. Wa yake jira? Ragowar maganin nan tafasa ba ta gama da shi, cikinmu yake shiga, har a wayi gari likita ya rubuta wa yaro magani ya ƙi kama shi. Ga kuma ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiraks. A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, har aka yi ta gargaɗi a rediyo kan cin ganda. Dabbar da ya kashe za ka ga baƙin jini yana fita ta hanci da dubura, kuma ba ya daskarewa. Irin wannan ko feɗe ta ba a yi, domin mai fiɗar da mai wankin naman su ne na farkon kamuwa, tun kafin a hura wuta, kuma ƙwayar cutar tana shekaru da yawa a cikin ƙasa ba ta mutu ba.

Wannan shi ne amfanin kwata, duk da ƙorafin da muke yi kan tsabtarta. A can ana yanka da safe a idon jama'a, akwai Sarkin Fawa da mutanensa, akwai ma'aikatan dabbobi da aikinsu shi ne su duba dabba tana tsaye, su sake dubawa bayan an feɗe. Huhun da ke da ƙulli-ƙulli na tarin fuka a zubar. Hantar da tsutsa mai kama da ganye ta cinye, hanyoyinta suka yi kauri suka yi fari, a zubar. Wanda ya kauce wa kwata ya koma bayan gida ko cikin kango, ya ce wai kuɗin haraji yake gudu, a mafi yawan lokuta idon mai dubawa yake gudu.

Iyayenmu mata sun fi mu sanin nama, amma tunda yanzu yara ake aike, bari mu faɗa. Naman sa na ranar ja ne mai haske, in ka danna da yatsa zai dawo, ba ya yauƙi, ba ya manne wa hannu. Wanda ya yi baƙi-baƙi, jini ya kwanta a cikin tsokarsa, ka yi hattara, jinin bai fita ba ke nan lokacin yanka. Wanda ke ɗigar ruwa a kan tebur an jiƙa shi ne don ya yi nauyi. Ka juya na ƙasa, domin wasu na shafa wa kwantan jiya sabon jini su ɗora na yau a sama. In ka ga wani wuri a cinya ko wuya ya yi kore-kore yana warin magani, gurbin allura ne. Zuciya da harshe kuwa a tsaga a duba, in da wasu fararen ƙwayoyi kamar shinkafa, tsutsar ciki ce ke jiran mai ci. Kuma a daina sayen nama a ƙarƙashin jan ƙwan fitila, komai ja yake a wurin.

Yanzu ku, 'yan'uwanmu mahauta. Akwai na Allah a cikinku, mun san su, akwai wanda shekara ashirin muna saye a teburinsa bai taɓa sa mu da-na-sani ba. Amma algus a fawa tsohon ciwo ne. Wani ɗanmu mai koyar da tarihi ya gaya mana cewa Baturen nan Kilafaton, da ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga mahauta suna hura nama don ya kumbura, wasu har suna manna gashin tunkiya a ƙafar akuya don a saya a matsayin rago. Shekara ɗari biyu ke nan. Hura naman nan kuwa Muhtasar ya ambace shi da sunansa a cikin misalan algus. Yau abin ya koma sikelin da aka danne wa ciki, da babban yatsa da ke hutawa a gefen faranti, da ƙashin da ake turawa ƙarƙashin tsoka lokacin ƙunshewa a leda. In a kowane kilo ka rage giram 100, duk kilo 10 ka saci guda cur. Sura guda aka saukar a kan masu tauye awo, kuma kun san abin da ya halaka mutanen Annabi Shu'aibu. Kuna jin ta a sallar isha'i a bayanmu, kuna cewa amin.

Amma mu ma da namu. Mahauci nawa bashinmu ya karya a unguwar nan? Maigida ya karɓi kilo biyu ranar Juma'a ya ce sai albashi, albashi ya zo ya canza hanya. Mahauci kuwa shi ma bashi ya ɗauko san, gobe mai shi zai zo. Wanda aka matse haka, in Shaiɗan ya nuna masa saniya mai araha da ke kwance, sai mai ƙarfin imani ne zai kau da kai. Sannan ga rainin da muke yi wa sana'ar. Har yau akwai gidajen da in ɗan mahauci ya zo neman aure sai a fara kame-kame, alhali ba a iya kwana uku ba a ci abin hannunsa ba. Wannan jahiliyya ce, ba ta da gurbi a littafi. Ita ta sa 'ya'yan gidan fawa masu tarbiyya ke gudun gadonsu su koma acaɓa, wuƙa ta faɗa hannun wanda bai san ko farillan yanka ba.

Wasu masu hali sun ce su sun huta, sun koma shagunan firiza. Allah ya ba da sa'a. Sai dai da irin wutar da muke samu, naman da ya narke ya sake daskarewa sau uku ba ya faɗa maka tarihinsa, kuma tambayar tana nan: wa ya yanka? Mai shagon da zai iya amsawa, a saya a wurinsa.

Abin da muke kira gare shi ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Kowane gida ya tsayar da mahauci guda mai tebur a wuri sananne, wanda aka san gidansa da masallacin da yake salla, wanda in nama ya ɓaci za a iya mayar masa. A je da hantsi. A biya shi kuɗinsa a hannu. In kuɗin kilo bai samu ba a sayi rabi, in rabi bai samu ba, wake da kifi ba su taɓa zubar da mutuncin kowa ba. Mai daro a kan babur bayan magariba kuwa, kada a buɗe masa ƙofa, ko nawa ya ce.

Sannan mu dawo da watanda. Me ya sa sai jajibirin salla muke tuna ta? Magidanta 20 ko 30 su haɗa kuɗi, a wakilta mutum biyu da suka san dabba su je Tike su zaɓo mai lafiya da rana tsaka, a kai kwata a duba ta, mahaucin unguwa ya feɗe a biya shi ladansa, a kasa a gaban kowa, tsoka da ƙashi da kayan ciki daidai wa daida. Ribar da za ta tafi hannu uku ta dawo cikin tukunya, kuma kowa ya ga dabbar tana tafiya da ƙafarta. Mun ji ana maganar sabuwar mayanka ta zamani a Gombe, muna fatan Allah ya tabbatar, amma miyar gobe ba za ta jira ta ba.

Mun yi magana da wasu dattawan layinmu, sun amince a gwada watanda sau ɗaya a wata, a ƙarshen wata lokacin da kuɗi ke hannu. Ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar za a zauna a ƙofar masallaci a rubuta sunaye, a kuma zaɓi wanda zai riƙe kuɗi. Muna gayyatar mahautan unguwa su zo, da su za a yi. Za mu kawo sikelin shagonmu da dutsen kilo ɗaya, duk mai son a gwada nasa a gaban jama'a ya taho da shi.