Kiran WhatsApp da ba ka ɗaga ba ma na iya shigo da ɗan leƙen asiri

A watan Oktoban 2025 wata kotu a jihar Kaliforniya ta Amurka ta haramta wa kamfanin NSO na Isra'ila sake kutsawa cikin WhatsApp, amma ta rage tarar da aka ɗora masa daga kusan dala miliyan 167 zuwa miliyan 4 kacal.

Tushen shari'ar wata ɓaraka ce da aka gano a Mayun 2019 a sashen kiran murya na manhajar. Duk kiran da ya shigo ta intanet, manhaja na ware masa ƙaramin mazubi cikin ƙwaƙwalwar waya. In ba ta auna abin da ake zubawa ba, sai ya tumbatsa, ya malala inda umurnin wayar suke, mai kutse ya cusa nasa. Ta haka aka yi wa wayoyi kusan 1,400 tarkon manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ciki har da na ƴan jarida da wani bishop a Togo. Ko ba a ɗaga kiran ba, aikin gama ya gama.

Ke nan shawarar nan ta "kar ka latsa saƙon da ba ka sani ba" ba ta kare kowa a nan. An toshe waccan ɓarakar, amma irinta ba ta ƙare ba, kuma gyaran na zuwa ne ta sabunta manhaja, abin da da yawa ke ɗagewa don tsadar data. Ɗan ci-rani da ke aiko wa gida waya, ya haɗa da kuɗin sabuntawar.