Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, kafin a dawo daga maƙabarta za ka ji magana ɗaya tana yawo a majalisu da shafukan Facebook: a bar kowa ya mallaki bindiga, kamar yadda ake yi a Amurka. Rabin farko na maganar ina fahimtarsa, kukan wanda aka tura ya kai bango ne. Rabi na biyun shi ke ƙona mini rai, musamman idan ya fito daga bakin 'yan boko, waɗanda ke ambaton Amurka kamar sun kawo nassi. Tunda sun ce mu dubi Amurka, to mu dube ta da kyau, mu ga yadda aka ɗinka wannan zane da suke so mu ara.

Hujjar masu kare bindiga a can ita ce gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1791. Jimla ɗaya ce tak. Ta fara da cewa ƙasa mai 'yanci tana buƙatar rundunar mayaƙan sa-kai mai tsari, sannan ta ce kada a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa. Sama da shekara ɗari biyu Kotun Ƙolin ƙasar ba ta taɓa yanke cewa jimlar ta ba kowane mutum haƙƙin ajiye bindiga a gida don kare kansa ba. Sai a 2008, a shari'ar Heller, kuma da ƙyar: alƙalai biyar suka ce e, huɗu suka ce a'a. Tun kafin nan, Warren Burger, tsohon Alƙalin Alƙalai wanda shugaba Nixon ya naɗa, mai ra'ayin mazan jiya na gidi, ya faɗa a talabijin a 1991 cewa fassarar da masu kamun ƙafa ke yi wa wannan gyara tana cikin manyan damfarar da aka taɓa yi wa Amurkawa. Wato abin da ake nuna mana a matsayin gadon kaka da kakanni, a gaban kotu yaro ne ƙarami.

Wa ya raine shi? Ƙungiyar masu bindiga ta ƙasa, wato NRA. Tsofaffin sojojin yaƙin basasa ne suka kafa ta a Niyok a 1871, saboda takaicin yadda dakarunsu ba su iya saiti ba. Kusan shekara ɗari aikinta koyar da harbi ne da farauta da gasa. A 1934, lokacin da majalisa ke shirya dokar taƙaita bindigogi masu sarrafa kansu, shugaban ƙungiyar, Karl Frederick, ya shaida wa 'yan majalisa cewa shi bai yarda a riƙa yawo da bindiga barkatai ba, ya kamata a tsaurara, sai mai lasisi. Da wani zai maimaita wannan magana a taronsu na yau, da ihu za a raka shi ƙofa.

Akwai ma labarin da ba sa son a tuna. A watan Mayun 1967 wasu matasa baƙaƙen fata 'yan ƙungiyar Black Panther suka shiga ginin majalisar jihar Kalifoniya da bindigogi a kafaɗa. Doka ta ba su dama a lokacin, kuma da ita suke fakewa suna sa ido kan 'yan sandan da ke cin zalin unguwanninsu. Ba a yi wata uku ba aka kafa dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a. Wanda ya sa mata hannu gwamna Ronald Reagan ne, wanda daga baya ya zama gwarzon masu kare bindiga. Ashe haƙƙin yana da launi. Aka sake ganin haka a 2016 a Minesota, da ɗan sanda ya harbe Philando Castile, baƙar fata mai lasisi, a cikin motarsa, bayan shi da bakinsa ya sanar da ɗan sandan cewa yana ɗauke da bindiga. Ƙungiyar da ke tada jijiyar wuya kan kowace ƙaramar doka sai ta koma ɗari-ɗari, kamar ruwa ya cinye ta.

Juyin ya faru ne a 1977, a taron shekara da aka yi a birnin Sinsinati, inda masu tsattsauran ra'ayi ƙarƙashin Harlon Carter suka kwana suna ƙuri'a har suka ture tsofaffin shugabanni. Daga nan ƙungiyar maharba ta rikiɗe ta zama injin siyasa. A ba su haƙƙinsu, sun iya aikin. Suna ba kowane ɗan takara maki kamar ɗan makaranta, daga A zuwa F, kuma suna da magoya bayan da ba abin da ke fito da su rumfar zaɓe sai wannan batu ɗaya. Ɗan siyasa ya fi tsoron mutum dubu da ba sa mantuwa a kan mutum miliyan da ke fushin mako ɗaya. Da wannan tsoro suka sa majalisa ta toshe wa hukumar lafiya ta CDC hanyar binciken mace-macen bindiga a 1996, binciken ya kwanta sama da shekara ashirin, har Jay Dickey, ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin, ya yi nadama kafin ya mutu. A 2005 kuma suka samar wa kamfanonin ƙera bindiga dokar da ta kare su daga yawancin ƙararraki idan an yi ɓarna da hajarsu. Mai gaskiya ba ya hana a ƙirga gawa.

An ƙirga duk da haka. A 2017 an ƙiyasta bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Wannan adadi na biyu ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa. Bindigar da aka saya don ɓarawo takan kwana shekaru a cikin durowa tana jira, ɓarawon bai zo ba, sai ranar baƙin ciki ta zo, ko ranar faɗa da mata, ko ranar da yaro ya buɗe durowar. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar.

A ranar 14 ga Disamba 2012 wani saurayi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da manya shida. Bayan mako ɗaya Wayne LaPierre, jagoran NRA, ya fito ya ce ba abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga. Ƙudurin faɗaɗa binciken masu sayen bindiga ya sami ƙuri'a 54 a majalisar dattawa, ana neman 60, ya mutu. Shekara goma bayan haka aka gwada maganar LaPierre a garin Uvalde na jihar Tekzas. Ɗan shekara 18 ya sayi bindigogi bisa doka, ya shiga aji. Jami'an tsaro 376 suka taru, kowa da makaminsa da horonsa, suka yi minti 77 kafin su kutsa, yara na buga waya daga ciki suna neman ɗauki. Yara 19 da malamai biyu suka mutu. Shi kuwa LaPierre, a 2024 kotu a Niyok ta same shi da laifin facaka da miliyoyin dalolin ƙungiyar, a kan jiragen haya da tafiye-tafiyen shaƙatawa. Ostareliya, da aka kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin masu ra'ayin mazan jiya ce ta saye bindigogi kimanin 650,000 daga hannun jama'a ta lalata, kuma har yau ba wanda ya ce Ostareliya ta zama ƙasar bayi.

Wata ɗaya bayan Uvalde, a makon da Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara faɗaɗa haƙƙin zuwa yawo da bindiga a titi, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta sanar cewa jama'a su nemi bindiga su kare kansu, za a raba takardun neman lasisi 500 ga kowace masarauta daga cikin 19. Aminu Masari na Katsina ya riga shi faɗin irin wannan a 2021, Janar T.Y. Danjuma kuma ya riga su duka a Jalingo a 2018.

Ba zan yi wa manomin Maru ko Batsari wa'azi ba. Mutumin da aka sace wa mata, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ya buga wa jami'an tsaro waya suka iso washegari, idan ya ce a ba shi bindiga, ni da nake rubutu a cikin gari ba ni da bakin ce masa ya yi haƙuri. Kare rai da iyali haƙƙi ne da addini da hankali suka yarda da shi, kuma akwai garuruwan da suka tsaya suka kori maharan. Rigimata da mai mulki ce, da kuma ɗan bokon da ke ba shi aron hujja. Baturen Tekzas da ke taƙama da bindigarsa yana yi ne a ƙasar da ke da kotu mai aiki, da 'yan sanda masu amsa waya, da asibitin da ke ciro harsashi cikin dare, amma duk da haka dubban gawawwaki yake kwasa. Mu da ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan, me muke tsammani?

Ba sai mun yi hasashe ba ma, mun gwada. Duk wanda ya bi tarihin rikicin Zamfara ya san rawar da 'yan sa-kai suka taka. An fara da niyyar maganin ɓarayin shanu, aka ƙare da kama Bafulatani a tsakiyar kasuwa a kashe ba shari'a, 'yan'uwansa su shiga daji su sayo makami, su dawo su ƙone gari. Mutumin kirki mai bindiga da mugu mai bindiga, sau da yawa mutum ɗaya ne, bambancin kawai wa aka kashe masa jiya. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Sannan wace bindiga ake maganarta? A dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, bindigar yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Abin da talaka zai iya samu, idan ya ci sa'a, bai wuce bindigar farauta ko ta toka ba, ya je ya tari mai AK-47 da ke tafe cikin ayarin babura. Kuɗinta kuma daga aljihun wanda bai iya sayen buhun taki ba. Gwamna yana karɓar kuɗin tsaro duk wata ba tare da ya yi wa kowa bayani ba, yana tafiya da jerin motocin 'yan sanda gaba da baya, sannan ya juyo ya ce wa wanda ya zaɓe shi ya je ya cike takarda.

Takardun ma ba su kai ko'ina ba. Babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, rundunar 'yan sanda ta ce an dakatar da ba da lasisi tun tuni. Hare-hare suka ci gaba. A watan Maris na 2023 Matawalle ya faɗi zaɓe, a watan Agusta aka rantsar da shi ƙaramin ministan tsaro na tarayya.